Shaidar Kawu Bukar

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar Gure ba. Kowa ya san yadda ake barin gida: uwa ta yi kuka, uba ya yi nasiha, direba ya danna oda. Abin da ya kamata a sani shi ne kayan da na sauka da su a birnin Marsey na ƙasar Faransa, a farkon shekarun casa'in. Akwati ɗaya ne mai riguna huɗu da ƙullin yaji, sai takardar shiga lakwal, wato makarantar koyon zane, sai wani babban kaye, littafin zane mai baƙin bango, da hoto guda a aljihun gaba.

Kayen nan shekara uku na yi ina cika shi a bayan kantin babana, a lokutan da ya kamata in tsaya ina auna wa mutane yadi. Labarin wani ayari ne da ya ɓace a hanyar kawo gishiri, shafi arba'in da shida, duk zane. Hoton kuwa na Kawu Bukar ne, yayan mahaifiyata, makiyayi a ƙasar Alakos. A wurinsa nake hutu tun ina ƙarami. Da can raƙumansa sun haura sittin, sai babban farin nan ya kwashe su, ya bar masa taguwa ɗaya tal. Da ita ya tsaya wani mai hoto daga Damagaram ya ɗauke su a kasuwar Gure, yana riƙe da akala, ya ɗaga kai kamar har yanzu sauran suna bayansa.

Shi ne ya sa mini wata ɗabi'a a hannu. Ran da na fara zana raƙumi a kan rairayi, ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan na wane ne?"

Na ce, "Kawu, ba na kowa ba ne, zane ne."

Ya ce, "Kai, Lawali, ba a barin raƙumi haka. In ba ka yi mai shaida ba, ɓarawo ka kiwata wa."

Ya karɓi tsinken ya yi wa raƙumin shaidar gidansu a wuya ta hagu, irin wadda ake ɗorawa da ƙarfe mai zafi: ƙafar zabo, da ɗigo biyu a ƙasa. Tun daga ranar hannuna ke yin ta da kansa. Ko ina gyangyaɗi na zana raƙumi, sai an ga ƙafar zabon nan a wuyansa.

Zangona na farko, Marsey, nan aka yi mini wankin ido. Watana uku ke nan, ban iya garin ba, ban san kowa ba, ina zaune a wani gidan shayi kusa da tashar jiragen ruwa ina zane, sai wani Bature mai dogon gashi ya ja kujera. Sunansa Didiye. Ya ce shi ma mai zane ne. Ya buɗe kayena shafi bayan shafi yana kama baki, ya saya mini kofi har sau biyu, ya ce ya san masu buga littattafan zane a Paris kamar yadda ya san yatsunsa. Mutumin da ya yi wata uku ba wanda ya tambaye shi ko sunansa, yabo kaɗan ya ishe shi. Na ɗauki aikin shekara uku na miƙa masa da hannu biyu, har ina godiya. Ya rubuta mini lambar waya a bayan takardar sigari. Da na buga washegari, wata tsohuwa ce ta ɗauka, ta ce nan gidan gyaran takalma ne.

Kwana biyu ban ci abinci ba. Ba asarar ce ta fi ci mini rai ba, wautar ce. Ni ɗan kasuwar Gure, wanda ya tashi yana kallon babansa na gane macuci tun daga sallama, a ce an karɓe mini kaya da kofi biyu. Ban rubuta wa kowa a gida ba.

Wadda ta tashe ni ita ce Hajiya Zuhura, 'yar Aljeriya mai gidan da nake haya. Da ta ji abin da ya faru, ta hawo bene da kwanon miya, ta dangwarar a gabana ta ce, "Ɗana, kaye ya ɗauka ko hannu?"

Na ce kaye.

Ta ce, "To ci, ka sayi wani."

Shekara biyu na yi a gidanta. Da rana lakwal, da yamma wankin kwanuka a wani gidan abinci. Kewar gida kuwa, kada Allah Ya nuna wa maƙiyi. Duk bayan wata uku ko huɗu kaset ke zuwa daga Gure, kowa ya yi magana a ciki. Inna ta yi addu'a, ƙannena su yi ta dariya, a bayansu ina jin jaki na kuka da muryar mai tallan fura. Can ƙarshe sai Kawu ya matso, shi da bai yarda da rediyon ba, ya ɗaga murya kamar yana kira daga wancan tudu: "Lawali! Wushe, sannu da sanyi! Taguwa na gaishe ka!" Sai in mayar da wurin baya, in sake ji, har zaren ya fara laushi.

Da karatu ya ƙare, takardar zamana ta kusa mutuwa. Dokar a fili take: ko aiki mai takarda, ko jirgi. Hajiya Zuhura ce ta yanko mini wata sanarwa daga jarida, wai wani ƙaramin kamfani a Liyon mai yin wasan bidiyo na neman mai zane. Ban taɓa taɓa ordinata, wato kwamfuta, ba. Ta ce ai su ma ba da ita aka haife su ba, ta cusa mini burodi da dabino a jaka.

Zango na biyu ke nan. Mutum bakwai ne a ɗaki biyu, a saman gidan burodi, kowa ya ƙura wa allon gilashi ido. Shugabarsu Madam Odil, gajeriyar mace mai saurin magana. Wasan da suke haɗawa na ayari ne, mai wasa ya ja raƙuma ya ratsa sahara da su. Ta sa wani dogo mai tabarau, Tiyeri, ya kunna mini in gani. Raƙumi ya fito yana tafiya. Na yi iya ƙoƙarina, amma dariyar ta ƙwace.

Ta ce, "Mene ne abin dariya?"

Na ce, "Madam, ki yi haƙuri. Wannan kare ne aka ɗora wa tozo."

Madam Odil ta haɗe fuska. Na ga aikin ya tafi, sai na ce bari in ƙarasa. Na tashi na nuna musu da jikina: raƙumi ƙafafun dama biyu yake ɗagawa tare, sannan na hagu biyu, shi ya sa yake rangaji. In zai tashi daga durƙuso kuma, baya yake fara ɗagawa, sai na kansa ya ji kamar zai ci ƙasa. Ga ni a tsakar ofis ina durƙuso ina tashi. Tiyeri ya cire tabarau yana share hawaye. Ranar Madam Odil ta ba ni takardar aiki, iyakarta ranar da wasan ya fita kasuwa ko ya mutu.

Zanen ordinata na lokacin ɗigo-ɗigo ne, kamar saƙar hula, launi goma sha shida kawai. Shaidar Kawu ɗigo bakwai take ci a wuyan raƙumi. Tiyeri ya ga abin ya ɗauka datti ne, ya goge. Na mayar. Ya goge, na mayar. A karo na uku ya ɗaga hannu ya ce in ci kaina da dattina.

Bayan shekara guda wasa ya kusa kammala, aljihun kamfani kuma ya kusa bushewa. Sai Madam Odil ta ce mu duka za mu babban taron masoya littattafan zane da ake yi a wani gari cikin tsakiyar sanyi. A can za ta gana da wani dillali mai kai wasanni kantuna. In ya karɓa, mun tsira. In ya ƙi, kowa ya nemi gabansa, ni kuma gabana filin jirgi ne.

Na ga kasuwanni, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Rumfuna na tamfol, kowace ta fi filin ƙwallon Gure, cike da littattafai. Ga manyan mutane masu furfura sun sha shigar mutanen cikin littafi, wani da wutsiya, wani da takobin kwali, wata ta shafe fuska da shuɗi. Na ce a raina, da a gida ne da tuni an nemo musu mai ruƙiyya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layi. Mutum zai sayi littafi, ya bi layi awa guda cikin sanyi, don mai zanen ya yi masa ɗan zane a shafin farko. Kuma al'adarsu ce, abin da mai littafi ya roƙa shi ake zana masa.

Mu an ba mu wani lungu kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Ranar farko mutane suka yi ta taruwa suna kallon raƙumana na rangaji a allo. Rana ta biyu dillalin ya zo, mai ƙiba, da jar gyale a wuya. Ya zauna ya yi wasa, yana gyaɗa kai. Madam Odil har ta fara laluben bik, abin rubutu, a jaka don a sa hannu. Sai wata mata mai kunnuwan zomo na roba ta leƙo ta ce, "Kai, raƙuman littafin nan ne! Ashe an yi wasansa?"

Ta zaro littafi daga jaka ta buɗe kusa da allon. Ayarina ne. Madugun da na zana da fuskar maƙwabcinmu, rijiyar da ta ƙafe, duk ga su, an bi layukana an shafa musu launi. A bango an rubuta sunan Didiye da manyan baƙaƙe.

Dillali ya dubi littafi, ya dubi allo, ya miƙe yana gyara gyale. Ya ce littafin nan ya shekara a kasuwa, shi kuwa ba ya taɓa kayan da za su kai shi kotu. Madam Odil ta juyo, fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Lawali, ka gaya mini gaskiya. Kwafa ka yi?"

Wallahi na sha zagi a ƙasar nan, amma ba abin da ya taɓa ƙona ni kamar tambayar nan. An sace mini kaya, kuma ni ne ɓarawon. Na gaya musu labarin kaye da kofi biyu. Dillali ya ce kowa na iya faɗin haka. Ya duba agogo ya ce jirginsa ƙarfe biyar ne.

Mai kunnuwan zomo ta ce ai mai littafin yana rumfa ta uku yanzu haka, yana yi wa mutane zane. Ban san lokacin da na fita ba. Niyyata ɗaya, in shaƙe shi. Tiyeri ya cim mini a tsakiyar hanya ya riƙe mini riga.

Ya ce, "In ka taɓa shi, 'yan sanda za su zo, kuma kai za su tambaya takardu, ba shi ba. Sayi littafin ka bi layi."

Na ce, "In sayi abina?"

Ya ce, "Wanda ya bi layi, abin da ya ce shi za a zana masa, a gaban kowa."

Na tsaya na dube shi. A shekara guda da muka yi tare, ranar na fara ganin amfanin tabaran nan. Na sayi littafina da kuɗina, na shiga layi. Tiyeri ya koma ya lallaɓo Madam Odil da dillali. Minti arba'in na yi a bayan wani mai wutsiya, ina karanta duk addu'ar da na iya don zuciyata ta kwanta.

Didiye ya yi ƙiba, ya aske gashi. Kusa da shi wata dattijuwa ce zaune, wadda daga baya na san ita ce mai kula da littattafai a gidan da ya buga shi. Na ajiye littafi. Bai ɗago ba ya ce, "Da sunan wa? Me za a zana?"

Na ce, "Lawali. Raƙumi yana tashi daga durƙuso."

Sai ya ɗago. Na ga ya gane ni, na ga kuma ya duba hagu da dama, mutane sun kewaye tebur. Ya ce ai ya saba yin fuskar madugu. Na ɗaga murya na ce ni raƙumi nake so, na kuma bi layi. Na bayana suka ce gaskiya ne, a yi masa raƙumi. Ya kama zane, gumi na tsattsafo masa cikin sanyin nan. Abin da ya fito doki ne mai ciwon baya, ya miƙe ƙafafun gaba, gindi a ƙasa. Dattijuwar ta sa tabarau ta leƙa.

Na buɗe littafin na sa yatsa a wuyan raƙumi. Na kira shi da girmamawar Faransawa na ce, "Mushe, wannan alamar fa, mece ce? Tana jikin kowane."

Ya yi murmushin yaƙe ya ce wa jama'a sa hannunsa ne na sirri, yana sa wa duk dabbar da ya zana.

Na ce, "Duka?"

Ya ce duka.

Na buɗe shafi na talatin, inda taguwa ke shayar da ɗanta. Na ce, "To wannan ƙaramin me ya yi maka ka hana shi?"

Ya leƙa shafin. Ya ce mantuwa ce.

Na ce, "Ba mantuwa ba ce. Ba a sa wa ɗan raƙumi wuta yana shan nono, sai an yaye shi." Na zaro hoton Kawu daga aljihu na ajiye a kan shafin. "Wannan yayan mahaifiyata ne, a kasuwar garinmu. Ku dubi wuyan taguwarsa. Ku juya baya kuma, akwai hatimin mai hoto da shekara."

Dattijuwar ta ɗauka. Ta daɗe tana kallo, ta juya baya, ta sake juyowa, ta kara shi da littafin. Ƙafar zabo, ɗigo biyu. Hoton ya bi hannu-hannu har ya kai ga dillali, ni kuwa idona na kansa kada ya ɓace. Sannan ta ce, a hankali, "Shekara guda ke nan ina jiran littafi na biyu, kullum sai ya ce hannunsa ke ciwo." Ta zare bik daga hannun Didiye ta miƙo mini, ta buɗe sabon shafi.

Ban taɓa zane da daɗin rai irin na ranar ba. Na yi taguwar Kawu sau uku a jere, tana durƙushe, ta ɗaga baya, ta miƙe. Ban kai ga ɗigo na biyu ba rumfar ta ɗauki tafi. Tiyeri, mutumin da sau biyu yana goge shaidar, shi ke ihu yana gaya wa mutane ɗigo bakwai ce a cikin wasanmu, su zo su ƙirga. Da na ɗago, kujerar Didiye ba kowa, ya bar hularsa a kan tebur. Na so in ji haushin tserewarsa, amma farin ciki bai bar wuri ba.

Madam Odil ta matso ta ce, "Ka yafe mini tambayar da na yi." Na ce ya wuce. Dillali bai hau jirgin ƙarfe biyar ba. A kan teburin nan ya sa hannu, ya ce a buga a bayan kwalin wasan cewa mai zanen littafin ne ya zana raƙuman. Dattijuwar kuma ta ce bugu na gaba da sunana zai fito, in zo Paris mu zauna.

Layin kuwa bai watse ba, ƙaruwa ya yi. Aka zaunar da ni a kujerar. Ni ban iya karɓar mutum ba gaisuwa, don haka duk wanda ya iso sai na tambaye shi gajiya da sanyi da mutanen gida, har mai wutsiyar nan sai da na tambayi lafiyar iyalinsa. Madam Odil ta ce in rage surutu layi na tsawo. Ban rage ba. Har aka rufe rumfa ina zana raƙuma, kowane da shaidarsa.

Sai bayan shekara biyu na samu zuwa gida, da takarduna cif, da littafi mai sunana. Na tarar taguwar ta mutu tun bara, ba wanda ya faɗa mini a kaset. Kawu ya zo Gure ranar kasuwa a bayan wata tsohuwar mota, ya tsufa, 'yan awaki kawai suka rage masa. Muka zauna a tabarma a bayan kantin babana, na ba shi labari tun daga kofi biyu. Ya karɓi littafin ya kawo shi dab da ido, yana bin wuyan raƙuma da yatsa, leɓensa na motsi.

Ya ce, "Duka shaidata ce."

Na ce, "Duka, Kawu. Kuma irin littafin nan suna da yawa, suna gidajen mutane a can."

Ya ɗaga kai ya ƙwala wa wani tsohon abokinsa mai sayar da igiya kira. "Malam Gwani! Taho ka gani! Ku da kuke cewa Bukar ya ƙare, taho ka ga garke!"

Suka duƙufa su biyu suna ƙirga, suna gardamar wanne ya fi ƙashi. Da suka kai shafi na talatin Kawu ya tsaya a kan ɗan taguwar.

Ya ce, "Yaushe ka zana wannan?"

Na ce, "An fi shekara bakwai."

Ya ce, "Shekara bakwai! Kuma ka bar shi haka yana yawo ƙasar mutane? Ai ya daɗe da isa. Miƙo abin rubutunka."

Na ba shi bik. Bai taɓa riƙe shi ba, ya dunƙule shi a hannu kamar ƙarfen wuta. Na dafe masa shafin. Ya yi bisimilla, ya ja ƙafar zabo a wuya ta hagu, a karkace, ya ɗiga biyu a ƙasa.